Kwara, Bamuride da ɗan cin ranin Azagor: ina ribar baƙunci take kwana?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a rumfunan kasuwa da ofisoshin gwamnati, tun daga Maraɗi har Dakoro, wai arziki a jini yake. Wai Balaraben Sham ko da riga ɗaya ka ajiye shi a bakin hanya, bayan shekara goma sai ka iske shi da kanti da mota. Ɗan Senegal ya tafi Turai da jakar talla ya komo ya gina bene. Namu yaron kuwa ya shekara biyu a Libiya ko Legas, ya komo da bargo da salula da bashin kuɗin mota. Masu wannan magana da dariya suke faɗinta, amma magana ce mai lahani, domin duk wanda ya yarda cewa abin a jini yake, to ya sallami kansa daga wahalar tunani, ya kuma sallami hukuma daga nata alhakin.

Batun ya shafe mu kai tsaye. A ƙaramar hukumar Azagor, can arewacin gundumar Dakoro, inda gonakin hatsi ke ƙarewa makiyaya ta soma, da zarar an ɗaure damman ƙarshe sai samari su kama hanya: wasu Nijeriya, wasu Agadas da ramukan zinariya na arewa, wasu Libiya. Tun da dai biɗa ta zama sana'ar da ta fi kowace ɗaukar ƙarfin matasanmu, ya kamata mu dubi waɗanda suka yi suna a wannan fage, mu ga dalilin da ya sa tasu tafiyar ta haifi jari, tamu kuwa take ƙarewa cikin tukunya.

Mu fara da waɗanda kakanninmu suka sani da sunan ƴan Siriya, Kanawa kuma ke ce musu Kwarori. Yawancinsu mutanen ƙasar da ake kira Labanan ne a yau, amma sa'ad da suka soma zuwa Afirka ta Yamma, a ƙarshen ƙarni na 19, duk yankin Sham yana ƙarƙashin Daular Usmaniyya, shi ya sa takardun Turawa suka haɗa su duka suka rubuta Siriya. Ba da dukiya suka zo ba. Ƴaƴan manoma ne daga ƙauyukan duwatsu, waɗanda sana'ar siliki ta soma mutuwa a hannunsu, ga tsoron aikin sojan Turkawa, daga baya kuma ga yunwar 1915 zuwa 1918 wadda ta yi ɓarna mai yawa a Dutsen Labanan. Da yawansu Amurka suka nufa, guzuri ya ƙare musu a tashar jiragen ruwa ta Marsel, sai suka faɗa jiragen da ke zuwa Dakar da Konakiri da Firitawun. Murjani da madubi da ƙananan tarkace suka fara kasawa a bakin hanya, ba su fi ɗan kolin da ke shimfiɗa buhu a kasuwar Sakabal da komai ba.

Abin da ya ɗaga su shi ne gujiya, wadda Kanawa ke kira gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1912 cinikin gujiya ya buɗe kamar an fasa madatsar ruwa. Manyan kamfanonin Turawa suna son kaya, amma Baturen kamfani yana da tsada: sai an gina masa gida, an ba shi kuku, an biya masa hutu a Turai. Kwara kuwa ya yarda ya zauna inda Bature ba ya zama, ya koyi Hausa, ya kwana a bayan kantinsa, ya ci abin da ya samu. Matarsa ce ke riƙe akwatin kuɗi, ƙanensa da ya aika aka kawo daga ƙauyensu shi ne akawu, shi ne mai awo. Ba albashi, ba ɓarna, riba tana komawa cikin kanti. Bayan ƴan shekaru sai a yanka wa ƙanen jari a buɗe masa nasa reshen a wani gari, shi ma ya aika a kawo wani.

Sai dai kada a yi wa tarihi kwalliya. Haƙuri da tsimi kaɗai ba su suka yi wannan aiki ba. Bankuna da kamfanonin zamanin mulkin mallaka sun ba Kwara kaya bashi, sun buɗe masa ƙofar da suka rufe wa baƙar fata, domin sun san baƙo ne marar ƙasa a nan, ba zai taɓa zama abokin takararsu a siyasa ba. A Senegal ma, inda attajiran ƙasa na birnin Sanluwi suka daɗe suna kasuwanci tun kafin wani Kwara ya sauka Dakar, kamfanonin Faransa sun gwammace su yi hulɗa da ƴan Sham, har tsofaffin gidajen kasuwanci na ƴan ƙasa suka durƙushe. Masanin tattalin arziki Samir Amin ya bi diddigin wannan a littafinsa na 1969 kan ƴan kasuwar Senegal. Talaka kuma ba ya ganin Baturen da ke can Bordo ko Libaful yana yanke farashi, wanda ke bayan ma'auni yake gani. Shi ya sa a 1919, da shinkafa ta yi tsada a Firitawun, kantunan ƴan Siriya aka fasa.

A Maraɗi ma haka abin ya gudana. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA, tare da ƴan kasuwar Sham, su ne ke riƙe da sayen gujiya da sayar da yadi, kuma da yawa cikin Alhazan farko na garin a ƙarƙashinsu suka soma, suna karɓar kuɗi su shiga ƙauyuka su yi awo. Emmanuel Grégoire ya ba da labarin wannan a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi. Da gwamnati ta kafa SONARA a 1962 ta karɓe fitar da gujiya waje, sai wannan babi ya soma rufewa.

To a nan ne halin da ya fi cancanta a lura da shi yake. Duk lokacin da aka kore Kwara daga wani mataki na kasuwa, hawa yake yi zuwa na sama. An tsananta masa a awon gujiya, ya koma sufuri da sarin yadi. Ƴan ƙasa sun cika sarin yadi, ya koma masana'anta. Tun a shekarun 1940 George Calil ya shiga matsar man gyaɗa a Kano. A 1959 gidan Moukarim suka kafa masana'antar da daga baya ta zama Mouka, mai katifar da ake kwana a kanta har a gidajen Maraɗi. A 1972 Nijeriya ta yi dokar da ta keɓe wa ƴan ƙasa ƙananan harkokin kasuwanci, ta ƙara tsananta ta a 1977. Kantin Kwari yau Hausawa ne suka cika shi, amma jikokin masu kantunan farko ba su talauce ba: suna can cikin robobi da fulawa da gine-gine da otal. Sun bar wa Kano titin Beirut da titin Lebanon, sun gina makarantarsu, ƴaƴansu sun yi karatun lissafin kuɗi da injiniya sun komo cikin kamfanin uba.

Labarin ɗan Senegal wani ne daban. Waɗanda suka fara zuwa ƙasarmu tare da Nasara suka zo: soja, akawu, ma'aikacin gidan waya, makanike, daga baya tela da maƙerin zinariya. Mutanen albashi ne da sana'ar hannu, an girmama su, amma ba su bar gidajen kasuwanci irin na Kwarori ba. Zumuncin da ya fi ƙarfi tsakaninmu da Senegal ma ta hanyar addini ya biyo, ta Kaulaha da Shehu Ibrahim Inyas, wanda almajiransa suka cika Kano da Damagaram da Maraɗi da Kiyota. Ɗan Senegal ɗin da duniya ke zancensa a yau daga baya ya fito, bayan farin shekarun 1970, lokacin da gujiya ta daina ciyar da manomin Bawol da Kajor. Mafi yawan waɗannan manoma Muridawa ne, mabiya Shehu Ahmadu Bamba, wanda ya kafa garin Tuba a 1887, Faransawa suka kai shi zaman gudun dole a Gabon daga 1895 zuwa 1902, ya rasu a 1927. Tarbiyyar da suka tashi da ita ta ɗauki aiki tuƙuru da biyayya ga shehu a matsayin ibada. Suka bar gona suka cika kasuwar Sandaga a Dakar, daga nan Marsel da Paris, daga nan garuruwan arewacin Italiya, har titi na 116 a unguwar Harlem ta birnin New York.

Makaminsu shi ne da'ira. Duk garin da Muridawa goma suka haɗu, sai sun kafa ta. Ana taruwa kowane mako a yi karatun ƙasidun shehu, a sha kofi, a zuba kuɗi. Sabon zuwa ba ya kwana a tasha: akwai katifa a ɗakin da mutum shida ko takwas ke haya, akwai tukunya ɗaya, akwai wani babba da zai ba shi tabarau da jakunkuna da agoguna bashi, ya nuna masa lungun da ake tsayawa da lokacin da ƴan sanda ke zagayawa. In ya yi ciwo asusu ya biya, in ya mutu asusu ya kai gawarsa gida. Tun kafin kamfanonin aika kuɗi su yawaita, mutum yakan ba wani ɗan kasuwa dala a New York, iyalinsa su karɓi sefa a Sandaga washegari, ba takarda ba banki, domin wanda ya ci amanar ɗan da'ira ba shi da sauran wurin zama, daga Italiya har Tuba. Da irin wannan kuɗi Tuba, wadda aka buɗe babban masallacinta a 1963, ta zama gari na biyu a yawan jama'a a Senegal, kuma wata da'ira ta ƴan cin rani, Matlabul Fauzaini, ta gina asibiti sukutum a garin. Su ma mutanen kogin Senegal, Soninke da Tukulor, waɗanda suka yi sharar titi da aikin masana'antar mota a Faransa, kowane ƙauye yana da asusunsa a gidajen kwanan leburori na Paris; da Faransa ta sakar wa baƙi mara a 1981 su kafa ƙungiyoyi, sai waɗannan asusai suka fito fili suka gina makarantu da ɗakunan shan magani da famfunan ruwa a ƙauyukan da gwamnatin Dakar ta manta da su. Karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, wadda ta durƙusar da ma'aikacin gwamnati a Yamai da Dakar, su riɓa musu kuɗi ta yi: faran ɗaya na Faransa da ke sefa 50 ya wayi gari sefa 100.

To wa ya fi wani jin daɗi? Amsar tana ga inda aka kafa ma'auni. In a ƙasar baƙunci za a auna, babu gardama Kwara ne a sama: yana da masana'anta, yana da gida, ƴaƴansa suna makarantar kuɗi, alhali Bamuride yana iya shekara ashirin a Italiya yana kwana a ɗakin haya, yana gudun ƴan sanda da ƙunshin jakunkuna a kafaɗa. In kuwa a gida za a auna, lissafi ya juya. Kuɗin da ƴan Senegal na waje ke aikawa ya kai kusan kashi 10 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara, bisa ƙididdigar Bankin Duniya, ya kuma zarce taimakon da ƙasashen waje ke ba ta. Kwara ya dasa ribarsa inda ya same ta; ɗan Senegal ya ɗaure ciki a waje domin gida ya ƙoshi. Ni dai a ganina, in batun tara jari ake, hanyar Kwara ta fi, domin kaso mai yawa na kuɗin ɗan Senegal a cefane da bene da biki yake ƙarewa, kuma bene ba ya haihuwa. In kuma batun mutunci da wurin komawa ake, Bamuride ya fi shi kwanciyar hankali.

Kowanensu kuma ya biya farashi mai tsada. Kwara ya yi shekara ɗari a Afirka, an haifi kakansa a Kano ko Kaulaha, amma har yau in siyasa ta yi zafi shi ake fara nunawa da yatsa, shi ya sa dole ya riƙa neman inuwar masu mulki, wannan kuma ya ƙara masa baƙin jini. Rarar da ya tara ya kai ta bankunan Bairut yana ganin can ne tudun mun tsira, sai ga shi a 2019 bankunan sun rufe ƙofa a kan ajiyar mutane, kuɗin Labanan ya zubar da fiye da kashi 90 cikin 100 na darajarsa. A ƙauyen Miziyara, inda aka sa wa babban titi sunan Nijeriya, akwai manyan gidajen da aka gina da kuɗin Legas da Kano, masu su sai lokacin hutu suke leƙa su. Ɗan Senegal kuwa da rayukan ƙannensa yake biya. Benen da ya gina shi ne ke kiran yaran unguwa zuwa teku: a 2006 mutum fiye da 30,000 suka isa tsibiran Kanari na ƙasar Sifen cikin kwale-kwale, a 2024 fiye da 46,000 daga gaɓar Afirka ta Yamma, waɗanda ruwa ya ci kuwa iyayensu na nan suna jira. A watan Disamba na 2011 wani mai ƙin baƙi ya harbe ƴan Senegal biyu masu talla a wata kasuwa ta birnin Fulorans.

Masu cewa abin a jini yake, su dubi abin da ya faru da ƴan Siriya na ainihi tun daga 2011. Yaƙi ya fitar da mutum fiye da miliyan 6 daga ƙasar, Turkiyya kaɗai ta ɗauki fiye da miliyan 3 da rabi. Mai masaƙa daga Halab da ya tsallaka da jarinsa da sanin sana'arsa ya sake kafa masaƙa a Gaziyantep ko Masar. Likitan da ya isa Jamus da takardar shaidarsa ya samu aiki, har likitocin Siriya suka zama mafi yawa cikin likitoci baƙi a ƙasar, sun haura 5,000. Amma manomin da ya gudu da ƴaƴansa a kafaɗa zuwa Labanan ya ƙare cikin tanti a kwarin Bika'a, kuma a 2020 da 2021 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce gida 9 cikin 10 na ƴan gudun hijirar Siriya a Labanan suna cikin matsanancin talauci. Jini ɗaya, harshe ɗaya, wani lokaci ma gari ɗaya. Abin da ya raba su shi ne abin da kowa ya fita da shi a hannu ko a kai, da takardar da aka ba shi a inda ya sauka, da wanda ya tsaya masa ya ba shi bashin farko. Gwamnatin Assad ta faɗi a watan Disamba na 2024, kuma cikin masu komawa gida akwai da yawa da ba su da abin da za su bari a baya.

Abin takaici shi ne, wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kafin Kwara na farko ya ga Kano, fataken Hausa suna kai kanwa da tufafi Gwanja su komo da goro, kuma kowane zango a kan hanya yana da mai gida wanda ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa a kan bashi. Agalawa, waɗanda suka yi fice a wannan fatauci, asalinsu Buzaye ne da suka gangaro daga ƙasashenmu na arewa suka zauna ƙasar Kano da Katsina; cikinsu aka samu Alhasan Ɗantata, wanda ya yi gogayya da Kwarori a sayen gyaɗa ya kuma fi su, ya rasu a 1955, kuma Aliko Ɗangote ta wajen uwa daga gidansa ya fito. A unguwar Sabo ta Ibadan, Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 yadda masu gida Hausawa ke sayar wa mahautan Yarabawa shanun arewa bashi, ba da sa hannu a takarda ba, bisa amana da sanin halin kowa. Ashe da'irar Bamuride da kantin iyali na Kwara duk muna da irinsu.

Me ya hana ɗan Azagor cin wannan gado? Da farko dai, shi ba neman jari ya fita ba, cike giɓin rumbu ya fita. Yana tafiya wata biyar ko shida, ya yi gadi, ko ga-ruwa, ko lebura, ko turin baro, sana'o'in da ba su da mataki na biyu. Ɗan abin da ya samu yana isowa gida a bazara ko farkon damina, daidai lokacin da tiyar hatsi ta kai ƙarshen tsadarta, bisashe kuma sun rame sun faɗi a kasuwa. Ya sayar da ƙarfinsa da araha a waje, ya sayi hatsi da tsada a gida, baɗi ya sake. Wanda ya ga 2005 da 2010 a arewacin Dakoro ya san yadda garken shekara ashirin ke ƙarewa cikin wata biyu saboda rashin ciyawa da dusa. Sannan ba shi da takarda. Marar takarda ba ya buɗe asusu a banki, ba ya kama shago da sunansa, ba ya kai ƙara in an cuce shi, kuma shi ake fara lodawa a mota ranar kora: Gana a 1969, Nijeriya a 1983, Libiya a 2011, ga kuma waɗanda Aljeriya ke zubarwa a hamada kusa da Asamaka su taka da ƙafa. Kada kuma mu cika kuka da wasu, domin mu ma a ƙarshen 1963 mun kori ma'aikata ƴan Dahome a kan rikicin tsibirin Lete.

Ya ku Alhazai da manyan ƴan kasuwa, kashi na farko na alhakin a wuyanku yake. Yara nawa ne ke wa ɗayanku bauta shekara goma sha biyar, suna loda da saukewa tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, ba a taɓa yanka musu jari an sallame su ba? Ubangidan da ya yi ku, haka ya yi muku? Kwara yana sallamar ƙanensa domin ya san reshe ba ya rage uwar bishiya. Sa'an nan ga ciwon da kowa ya sani a Maraɗi: Alhaji ya rasu, lissafi duk a kansa yake, babu littafi, a raba motoci da sito-sito, bayan shekara biyar sunan gidan ya ɓace daga kasuwa. Shari'a ta ce a ba kowane magaji haƙƙinsa, ba ta ce dole a yanyanka kamfani ba. Ana iya raba hannun jari a bar kasuwanci yana tafiya, kuma malamanmu sun san haka. Gidan Kwara yana kai jika da tattaɓa-kunne ne domin akwai akawu da littafi tun ranar farko.

Ku kuma ma'aikatan gwamnati, naku kason ba ƙarami ba ne. Takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa su ne jarin farko na mai fita, amma ɗan rugar da ke arewacin Tarka sai ya bar bisashensa ya yi tafiyar yini kafin ya ga ofishin da zai ba shi, in ya je kuma a ce ya komo jibi. Mai komowa daga Libiya da ɗan injin ban ruwa ko keken ɗinki, shingaye nawa yake biya kafin ya iso Dakoro? Senegal ta ba ƴan ƙasarta na waje kujeru 15 a majalisar dokoki tun 2017. Mu ma mun ware musu 5 a 2016. A zaɓen 2020 ba a cike su ba, sai a watan Yuni na 2023 aka yi zaɓensu, bayan ƴan makonni juyin mulkin 26 ga Yuli ya rushe majalisar. Amma ko da kujerun suna nan, na masu fasfo ne da ke Abijan da Paris da New York. Mai ga-ruwa a Kano bai taɓa sanin da su ba. Tun da kuma ficewar Nijar daga ƙungiyar CEDEAO ta tabbata a 29 ga Janairu na 2025, zaman ɗan Nijar a ƙasashen kurmi ya dogara ne ga abin da gwamnatoci suka daidaita a tsakaninsu, wanda ke nufin takarda ta ƙara daraja a kan da.

Ba sai an jira Yamai ba kafin a soma wani abu a Azagor. Samarin gari ɗaya da ke aiki a wuri ɗaya sun riga sun san juna, tukunya ɗaya suke ci. Abin da ya rage shi ne asusu mai suna da littafi, da kuma sauya lokacin da kuɗi ke aiki. Jika goma da aka sayi hatsi da ita a kaka ba ɗaya take da jika goma ta watan Yuli ba. In ƴan biɗa suka ware wani abu daga samun bana, aka ajiye shi har kaka mai zuwa, aka sayi hatsi da dusa da ƙwaryar auduga sa'ad da suke araha aka zuba a sito na gari, to baɗi kuɗin da za su aiko ba zai tafi duka a bakin ƴan sari ba, za a samu rarar da za ta sayi tunkiyar turka ko jar akuya. Hanyar aikawa ba matsala ba ce yanzu, ga Nita ga Al Izza a manyan garuruwa. Hukumar ƙaramar hukuma kuwa, ko wane ne ke riƙe da ita tun da aka rushe zaɓaɓɓun majalisu a watan Afrilu na 2024, abin da ake nema gare ta kaɗan ne: ta ƙidaya ƴaƴanta da ke waje, ta kai masu yin takardu kasuwanni kafin lokacin tafiya, ta ba da filin sito, ta kuma cire hannunta daga akwatin.

Na san abin da za a ce: an sha yin haka an cinye. Gaskiya ne. Manomin ƙasar nan ya ga ƙungiyoyin haɗin gwiwa na zamanin UNCC, ya ga ƙarshen SONARA, ya ga BDRN, bankin raya ƙasa, ya durƙushe a 1990 da basussukan manya a cikinsa. Duk waɗannan daga sama aka kawo su, mai riƙe makulli ba ya jin kunyar mai zuba kuɗi domin bai san shi ba. Amma a cikin jihar nan ta Maraɗi, a 1991, ƙungiyar CARE da matan ƙauye suka soma Mata Masu Dubara: mata ashirin ko talatin, akwatin ƙarfe, zubi kowane mako, ƙidaya a gaban kowa, bashi da ɗan ƙari, rabo a ƙarshen zagaye. Tsarin ya bar Maraɗi ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, miliyoyin mutane suna aiki da shi. Matan da mazansu ke Libiya su ne suka riƙe shi fiye da shekara talatin ba tare da jandarma ya tsare musu akwati ba. Kunya ce a ce maza su tsallake wannan a ƙofar gidansu suna sha'awar da'irar Tuba.

A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, ta Katsina da Jibiya. A 1912, da jirgi ya buɗe kasuwar Kano, waɗanda ke da sito kusa da tasha da wanda zai ba su bashi su ne suka zama ƴan tsakiya, suka riƙe wurin shekara hamsin. Daga Maraɗi zuwa Dakoro kusan kilomita 120 ne, kuma shanu da raƙuma da fatu da wake na kwarin Tarka suna cikin kayan da tarago zai nema. Filayen da ke kewaye da tashar Maraɗi ba za su jira ɗan Azagor ya komo daga Sabha ba.